Tsara Hanyar Tseren Keke da Taswira: Tambayoyi da Amsoshi

A dazuzzukan Turai da Ostireliya akwai wani tseren keke da ba a shata wa mahayi hanya. Taswira ake miƙa masa, a ce ga wuraren da zai taɓa ɗaya bayan ɗaya, shi ya san ta inda zai bi. A taƙaice ana kiran wasan MTBO. Amsoshin nan na wanda ke son sanin yadda ake tsara irin wannan gasa ne, ko kuma wanda ƙungiyarsa ta ɗora wa aikin karon farko.

Wane irin wasa ne wannan, kuma wa ke kula da shi?

Asalinsa wasan neman hanya da taswira da kamfas ne, wanda ya samo tushe daga horon sojoji a ƙasashen Suwidin da Norwe a ƙarshen ƙarni na 19. Da ƙafa aka fara yin sa. Da kekunan hawan duwatsu suka yaɗu a shekarun 1980, sai ƙungiyoyi suka fara gwada shi a kan keke. Hukumar duniya mai kula da wasan, IOF, wadda aka kafa a 1961, ta karɓe shi cikin rassanta huɗu, tare da na ƙafa da na gudun kan ƙanƙara da kuma na tantance wuri wanda masu buƙata ta musamman ke iya shiga. An yi gasar duniya ta farko a Fontainebleau ta ƙasar Faransa a 2002, ta biyu a Ballarat ta Ostireliya a 2004, daga nan ta koma ta shekara-shekara. Jamhuriyar Cek da Finlan da Faransa da Denmak suna cikin ƙasashen da suka yi fice.

Mahayi na ɗaure wani faranti mai juyawa a kan keken, gaban idonsa, ya maƙala taswirar a kai. A gasar da ake tashi ɗai-ɗai, minti ɗaya kafin tashi ake ba shi ita. Hular kwano dole ce, kuma ba a yarda da na'urar da za ta nuna masa inda yake ba.

To mene ne ainihin aikin mai tsara hanya?

Yawancin sababbin shiga suna zaton aikin shi ne zaɓen wuraren da za a kafa tuta. Sai ka ga mutum ya zagaya daji yana neman wurare masu ban sha'awa, ya ɗiɗɗiga su a taswira, sannan ya haɗa su da layi. Wannan aikin baibai ne. Tashoshin, wato wuraren da mahayi ke tabbatar da ya iso, ba su ne gasar ba. Gasar tana cikin zangon da ke tsakanin tasha da tasha. Kowane zango tambaya ce da mai tsarawa ke jefa wa mahayi: ga ka nan, ga inda za ka, ta ina? Ƙwararren mai tsarawa da zango yake farawa. Yakan nemi wuraren da hanyoyi suka rabu gida biyu ko uku kuma ba a gane ta ƙwarai da kallo ɗaya, sai daga baya ya nemi inda zai kafa tasha a farkonsa da ƙarshensa.

Sharaɗin kuma shi ne, duk abin da mahayi ke buƙata don ya amsa tambayar yana kan takardar da ke gabansa. Idan wanda ya ci ya ci ne saboda ya san dajin tun da, ko don ya yi sa'ar faɗawa wata turba da ba ta cikin taswira, to ba a yi gasa ba. Shi ya sa ake hana masu shiga manyan gasanni leƙa yankin tun da daɗewa kafin ranar.

Me taswirar ke gaya wa mahayi wanda taswirar gari ba ta faɗa?

Gudu. Taswirar wannan wasa tana da ƙa'idar zane ta duniya, kuma babban abin da ta tsaya a kai shi ne saurin da keke zai iya yi a kowace hanya. An raba hanyoyi gida biyu ta faɗi: mai faɗin mita ɗaya da rabi zuwa sama da layi mai kauri, wadda ba ta kai haka ba da siririn layi. Sannan kowacce an kasa ta mataki huɗu. Layi miƙaƙƙe wanda bai tsinke ba, hanya ce mai kyau, a taka feda son rai. Dogayen tsinke-tsinke, matsakaiciya. Gajerun tsinke-tsinke, tafiyar hawainiya saboda duwatsu ko saiwoyi ko rairayi. Ɗigo-ɗigo kuwa, mai yiwuwa sai an sauka an tura.

Tsarin gasar kansa da launin shunayya ake buga shi a kai: alwatika wurin tashi, da'ira kowace tasha, da'ira biyu ɗaya cikin ɗaya wurin ƙarewa. Da wannan launi ake nuna hanyar da aka haramta da kuma abin da ya gitta hanya, kamar faɗaɗɗen icce ko ƙyaure. Ma'aunin yakan kama daga 1:5,000 a gajeren tsere zuwa 1:15,000 a dogo, inda santimita ɗaya ke daidai da mita 150 a ƙasa.

Ga lissafin da ya kamata mai tsarawa ya riƙe a ransa. Wanda ke gudun kilomita 30 a awa yana cin fiye da mita 8 a kowane sakan. In ya sunkuya ya dubi taswira na sakan biyu, ya yi kusan mita 17 bai ga gabansa ba, ga kuma keke na jijjiga. Saboda haka idan da'irar tasha ko layin da ya haɗa tashoshi ya rufe wata mararraba, an cuci mahayi. A yanke da'irar a wurin, a gutsure layin, mararrabar ta fito fili.

Yaya ake gane zango mai kyau?

Bari mu ɗauki misali na ƙiyasi. Tsakanin tasha ta 4 da ta 5 akwai tudu. Ta hagu akwai titin motocin katako da ya kewaye tudun, kilomita 2.4, shimfiɗaɗɗe. Gwani zai yi gudun kilomita 24 a awa a kansa, minti 6 ke nan. Ta tsakiya akwai turba da ta haye tudun kai tsaye, kilomita 1.4 kacal, amma ta ratsa layukan tsayi goma sha biyu, wato layukan da ke nuna hawan tudu a taswira, kowanne mita 5, hawan mita 60 ke nan, kuma an zana ta da gajerun tsinke-tsinke. In ya samu kilomita 12 a awa ya gode Allah, minti 7. Ta dama kuma akwai haɗin gambizar hanyoyi, kilomita 1.9, masu kyau ne, zai iya yin kilomita 20 a awa ya isa cikin minti 5 da sakan 42, sai dai akwai mararraba bakwai, kuma kuskure ɗaya zai cinye masa ribar har ya shiga uwar kuɗi.

Wannan zango ne mai kyau, don dalilai uku da suka sarƙe da juna. Hanyar da ido ya fara kamawa, ta tsakiya, ita ce mafi muni. Mafi sauri tana neman kai a natse. Mai sauƙin kuma ba ta yi nisa da ita ba, har wanda ya san ya gaji zai iya zaɓenta da hujja, ya ma yi amfani da shimfiɗaɗɗen titin ya karanta zango na gaba. Kowa ya zaɓi daidai ƙarfinsa da hankalinsa.

Akwai masu tsarawa da ke ɓata dare suna ƙoƙarin daidaita hanyoyi biyu su zo daidai sakan da sakan. A ganina wahalar banza ce. Idan duk inda aka bi lokaci ɗaya ne, me aka gwada? Ana son a samu amsar da ta fi, amma a sha wuya kafin a gano ta. Haka nan ɗaya gefen, idan bambancin ya kai a gani daga nesa, kowa hanya ɗaya zai bi, an koma tseren ƙarfin cinya.

Ba kuma kowane zango ne zai zama irin wannan ba. Ana cakuɗawa: dogon zango mai neman tunani, sai gajeru biyu ko uku cikin cunkoson turbobi inda hankali ba ya hutawa, sai a juya alkibla kwatsam don mahayi ya sake juya farantinsa. Wani abin da gogaggu ke yi shi ne ajiye zango mafi wuyar zaɓi nan da nan bayan hawa mai tsanani ko gangara mai duwatsu, inda babu wanda ya samu sararin leƙa taswira tun kafin ya iso. Wannan halas ne. Mugunta ce mai tsabta.

Hawan tudu fa, yaya ake lissafa shi?

Babu ƙa'ida ɗaya da ke aiki ko'ina. Hawan mita 60 a kan kwalta mai sassaucin tudu daban yake da mita 60 a turba mai tsakuwa inda tayar baya ke zamewa. Gangara ma ba kullum riba ba ce: in tana da lanƙwasa da saiwoyi, hannu na kan birki har ƙasa. Kuma hanya ɗaya tana iya zama mai sauri in an gangaro ta, mai kashe jiki in an hau ta, alhali alama ɗaya ce a taswira. Maganin kawai a hau keke a auna, ta kowace fuska da ake zaton mahaya za su bi.

A ina ake kafa tasha? Ana ɓoye tutar ne?

Ba a ɓoyewa. A wasan ƙafa ana iya kafa tuta bayan dutse ko cikin rami a tsakiyar daji. A na keke, tasha a kan hanya take, inda mahayi zai same ta ba tare da ya rabu da kekensa ba, don doka ba ta yarda ya jingine keke ya ruga da ƙafa ba. Tutar mai fuska uku ce, rabi fari rabi ruwan goro, kowace fuska santimita 30 tsawo da faɗi, kuma wanda ya zo wurin da taswira ta nuna ya kamata ya gan ta.

Kowace tasha na da lambar shaida, daga 31 zuwa sama, ana buga ta a taswira kusa da lambar jeri. A jikinta akwai na'urar da ke rubuta lokacin isowa a ɗan katin lantarki da mahayi ke ɗauke da shi. Na'urorin kamfanin SPORTident na Jamus da na Emit na Norwe su ne sanannu. Na zamani ba sai an tsaya an taɓa ba, wucewa kusa ya isa, wanda hakan ya sauya tsari sosai: yanzu mahayi na ratsa tasha da gudunsa, don haka sai a duba abin da ke gabanta. Kada a kafa ta a ƙasan gangara mai tsanani, ko bayan lanƙwasar da ba a hango gaba, ko a bakin titin mota.

Wani abu kuma: matsar da tasha mita hamsin daga mararraba zuwa cikin ɗaya daga hanyoyin yakan sauya zango biyu a lokaci guda, wanda ya shigo da wanda zai fita. Kafin a taɓa tasha, a duba duka biyun.

Kilomita nawa ya kamata gasa ta kai?

Ba da kilomita ake farawa ba, da lokacin wanda zai zo na ɗaya ake farawa. A matakin manya na duniya, gajeren tsere minti 20 zuwa 25 ne, matsakaici 50 zuwa 55, na tashi gaba ɗaya 75 zuwa 85, dogo kuwa 105 zuwa 115. Mai tsarawa zai nemi sakamakon gasannin baya a irin wannan ƙasa, ya ga saurin da gwanaye suka yi, ya lissafa tsawon daga nan. Kuma tsawon ana auna shi ne ta hanyar da ta fi dacewa a bi, ba ta miƙaƙƙen layin da ke kan takarda ba.

Kowane nau'i da halinsa. Gajere yakan kasance cikin gari ko filin jami'a ko wurin shaƙatawa, tashoshi kusa-kusa, shawara cikin ƙiftawar ido. Matsakaici na son daji mai turbobi kamar saƙar gizo. Dogo shi ne gidan manyan zanguna, inda zango ɗaya zai iya ratsa taswira daga gefe zuwa gefe.

Me ya fi haɗari, kuma yaya tsari ke rage shi?

Karo gaba da gaba. Mutum biyu a siririyar turba, kowa kansa a sunkuye kan taswira, ɗaya na gangarowa. Ƙa'ida ta ce kowa ya riƙe hannun da ake tuƙi a ƙasar, amma turbar da ba ta fi faɗin kafaɗa ba ba ta da hannu. Saboda haka nauyin yana wuyan mai tsarawa tun a kan tebur.

Hanyar ganowa ita ce a ɗauki taswira ɗaya a zana duk hanyoyin da kowane rukunin mahaya zai iya bi, da kibiya mai nuna alkibla, har da zaɓin da kake ganin babu mai hankalin da zai yi, don za a samu wanda zai yi shi. Duk inda kibau suka fuskanci juna a siririyar hanya mai gangara, sai a gyara: a matsar da tasha, ko a mayar da turbar ta tafiya ɗaya a nuna a taswira, ko a rufe ta. Tashar da ake shiga a juyo ta hanya ɗaya ita ce ta fi haifar da wannan. In ba makawa, a sa ta a faffaɗar hanya mai fili.

Sai titin mota. In dole a tsallaka, a kafa tasha dab da wurin da aka zaɓa don kowa ya biyo ta nan, a sa masu tsaro, sauran titin a haramta shi a taswira. Wasu masu shiryawa kan cire lokacin tsallakawar daga lissafi, don kada wani ya yi caca da ransa saboda sakan biyar. A kuma tuna dajin ba na 'yan gasa kaɗai ba ne: akwai masu yawo da yara da karnuka, akwai mahaya dawaki. Sannan tun kafin ranar a san ta inda motar asibiti za ta iya shiga.

An yarda mahayi ya yanke ta cikin daji?

A bisa asali a'a, sai kan hanyoyin da ke taswira, sai fa in masu gasar sun faɗi akasin haka a sanarwarsu. Filin da aka yarda a ratsa ana nuna shi da launin ruwan goro. Dalilin bai tsaya ga adalci ba, ya haɗa da dokar ƙasa, kuma ta bambanta ƙwarai. A Suwidin da Finlan al'ada da doka sun ba kowa 'yancin shiga daji, ko da yake gasa mai tara jama'a sai an nemi yardar masu fili. A Ingila da Wales keke na da hakkin bin hanyar dawaki amma ba ta masu ƙafa ba. A Ostiriya dokar gandun daji ta 1975 ta hana hawan keke a daji sai inda mai shi ya amince. A jihar Baden-Württemberg ta Jamus an hana keke hanyar daji da faɗinta bai kai mita biyu ba.

Don haka neman izini shi ne aikin farko, kafin a zana ko da zango ɗaya. A zauna da masu fili da ma'aikatan gandun daji da mafarauta, a ji lokacin farauta, da lokacin da tsuntsaye ke sheƙa, da inda za a sare itatuwa. Kuma kada mai tsarawa ya jarabci mutane: in ka sa tashoshi biyu a turbobi biyu da tazarar mita talatin ta haramtaccen daji ta raba, alhali kewayen halas kilomita guda ne, ka san abin da zai faru, kuma ba ka da idon da zai kama kowa. Gyara zangon ya fi sa ɗan sanda.

Yaya ake hana wani ya lafe a bayan gwani ya bi shi har ƙarshe?

A gasar ɗai-ɗai ana ba da tazarar minti biyu ko uku tsakanin masu tashi. A ta tashi gaba ɗaya da ta karɓa-karɓa tsakanin 'yan tawaga kuwa, sai a rarraba: mahaya su fita tare amma taswirarsu ba iri ɗaya ba, wannan tasharsa ta uku tana gabas, wancan tasa tana yamma, a sake haɗuwa a gaba. Ko a yi madaukai biyu ko uku da ke komowa tasha ɗaya, kowa da jerin da zai bi su. Abin kiyayewa shi ne a ƙarshe kowa, ko kowace tawaga, ta ci zanguna iri ɗaya daidai wa daida.

Yara da dattawa fa?

Ba a ɗaukar hanyar manya a gutsure a ba yara. Tasu daban ake tsarawa: hanyoyi masu faɗi, babu titin mota, tasha jim kaɗan bayan kowace mararraba don yaro ya tabbata ya juya daidai. Dattawa kuwa kansu na nan garau, da yawansu sun fi samarin iya karatun taswira. Abin da suke so a rage musu shi ne hawa mai tsanani da gangara mai haɗari, a kuma ƙara girman bugun taswira saboda ido. Kada a rage musu wuyar tunani, za su ji haushi.

Ba za a iya gama komai a kwamfuta ba?

Rabin aikin dai. Akwai manhajoji irin su OCAD da Condes da Purple Pen, ta ƙarshe kyauta ce, suna zana tsari, su lissafa tsawo, su fitar da taswirar kowane rukuni. Amma manhaja ba ta san motar katako ta kwaɓe titin da aka zana da miƙaƙƙen layi ya koma taɓo ba. A Jamhuriyar Cek, ƙwaron da ke cin ɓawon itatuwa ya sa an sare dazuzzuka masu yawa daga wajen 2018, taswirori da dama suka tsufa cikin ɗan lokaci, sababbin hanyoyin tarakta suka ɓullo inda babu su da.

Dole mai tsarawa ya taka kowace hanya da ake iya zaɓa, a irin lokacin shekarar da za a yi gasar, don turbar da ke fili a farkon bazara ciyawa na iya haɗiye ta bayan wata biyu. Ya ɗaura ƙyalle mai lamba a wurin kowace tasha, sannan wani mutum daban, mai sa ido, ya je da taswira shi kaɗai ya tabbatar wurin ne. A manyan gasanni IOF ce ke naɗa wannan mai sa ido. Da asubar ranar kuma a tura masu share fage su zagaya, su ga kowace tuta na nan, kowace na'ura na aiki.

Idan icce ya faɗi ko ruwa ya cinye hanya a daren gasa?

In ana iya kawar da shi, a kawar. In ba a iyawa, a gyara a kan kowace taswira, ko a nuna wa kowa a wurin tashi, kowa da kowa ba wasu ba. Idan matsalar ta ɓullo ana tsakiyar gasa har ta shafi wasu ta bar wasu, alƙalai na iya soke sakamakon rukunin gaba ɗaya. Shi ya sa mai dabara ba ya rataya babban zangonsa a kan gada ɗaya ko mashigin rafi ɗaya.

Bayan an gama, ta yaya mai tsarawa zai san ko aikinsa ya yi?

Katin lantarki na ba da lokacin kowane mahayi a kowane zango. Da yawa kuma suna ɗauke da agogon da ke adana sawunsu, daga baya su ɗora a shafin intanet na Livelox ko RouteGadget, inda ake ganin hanyar kowa a kan taswirar gasar. A buɗe babban zangon a duba gwanaye goman farko. In sun rabu gida biyu ko uku, kuma lokutansu sun nuna wata hanyar ta fi wata da ɗan abin da ake zato, zangon ya yi. In duk sun bi wuri ɗaya, tambayar ta yi arha. In kuwa wanda ya fi kowa sauri ya bi ta inda taswira ta nuna ɗigo-ɗigo, to a koma da keke a duba turbar nan, a gyara alamarta kafin a sake buga taswirar.